Yajin Baba Tsaki

Ranakun aiki da yawa sun goge daga kaina, amma ranar Larabar da aka turo mini takarda a kan tebur aka ce in sa hannu, na ce ba zan sa ba, tana nan daram. A Kafanchan ne, cikin damina, wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin. Ku da kuke aikin laburare yanzu kun sha tambayata me ya sa nake faɗa duk ranar da na ga an tura littattafan ƙagaggun labarai can ƙasan kanta, inda sai mutum ya durƙusa zai gan su. To, ga dalilin.

A lokacin ni ne mai kula da ɗakin karatu na ma'aikatan jirgin ƙasa. Muƙamina akawu mai daraja ta uku, wato daga ni sai masinja. Saboda harsuna aka ɗauke ni. Aikin soja ya kai ni Kenya da Indiya da Bama, da aka sallame mu kuma na bi ta ƙasa zuwa aikin hajji, na yi shekara biyu a Sudan kafin in ƙetare. Na dawo da Turanci da Larabci da Swahili da ɗan abin da ba a rasa ba na yaren Indiya, ga Fulatancin da na sha a nono. Kafanchan kuwa mahaɗar jirage ce, layin Kaduna da na Jos da na Inugu duk a nan suke gamuwa, saboda haka ma'aikatanmu daga ko'ina suke. Akwai Bajju da Atyap, waɗanda a lokacin muke ce wa Kaje da Katab, akwai Kagoro da Jaba, ga mutanen kudu, ga Hausawa. Kowa da harshen gidansu. Hausa ce ta haɗa mu, kowa kuma da irin tasa.

Ɗakin karatun ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, kusa da loko, wato rumfar da ake shigar da kawunan jirgi a wanke su a zuba musu kwal da ruwa. Benci shida, kabad biyu. Ina buɗewa da hantsi in rufe kafin magariba, kuma doka ta ce daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi in karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wani abu daga cikin littattafan ɗakin. Abin da na tarar ana karantawa ƙasidu ne: yadda ake haƙa masai, yadda ake maganin sauro, yadda ake kiyaye haɗari a kan layi. Ban raina su ba, ƙasidu ne masu amfani. Amma mutum uku ko huɗu ke zuwa, su ma fakewar ruwa ke kawo su, ɗaya kuma barci yake yi har in gama.

Shugabana Baturen jin daɗin ma'aikata ne, muna ce masa Mai Lofe. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Ya koyi Hausa daga littafi, ya ci jarrabawarta, yana kuma alfahari da ita. Wata rana wani injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar mana akwatin littattafai, na jera sunayensu a takarda, Mai Lofe ya sa hannu ba tare da ya duba ba, suka zama na ɗaki. A cikinsu akwai wani da gara ta cinye bangonsa da shafin farko, har yau ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. A takardar cewa na yi, littafi marar bango, ɗaya.

Labarin wani jirgi ne da ke tafiya tsakanin taurari. Yanzu kuna cewa kumbo, a lokacin babu kalmar, sai na sa masa jirgin taurari. Yana ɗauke da mutum arba'in da irin shuka zuwa wata duniya mai nisa. Na karanta shi a kwana uku, ranar Litinin ta gaba na ajiye ƙasidar sauro, na buɗe shi, ina duba Turanci ina faɗa da Hausa.

Ranar farko dariya suka yi mini.

Heluma Gambo, shugaban leburorin layi, mutumin Kagoma, ya ce, "Malam, wannan jirgi naka a wane layi yana bi? Wa ya shimfiɗa masa dogo a sama?"

Wani ya ce, "In ya faɗi, wane heluma za a kama?"

Na kuma lura da wani abu. Marubucin yakan ɗauki shafi biyu yana bayanin yadda injin yake aiki, da nisan wannan tauraro daga wancan. Na ɗauka ma'aikatan loko nan za su fi so. Ina! Har fitocin da ke kwance inji su ɗaura hamma suke yi. Amma da aka zo kan tsohon injiniyan jirgin, sai ɗaki ya yi tsit. Tsoho ne mai ɗingishi, mai ƙorafi, yana hira da injinsa kamar da mutum, ba ya yabon kowa. Kullum cikin faɗa yake da kukun jirgin a kan gishiri ya yi yawa. Duk inda littafi ya ce ya yi gunaguni, ni sai in yi tsaki, don haka namu tsofaffin suke yi.

Wanda ya raɗa masa suna shi ne Yakubu, fayaman, wato mai zuba wa wutar jirgi kwal da shebur. Mutumin wajen Zonkwa ne, ƙato, yana waƙa a cocinsu. Ya ce, "Wannan ai Baba Tsaki ne. Na san shi. Direba nawa ke nan, ƙafa ne kawai ya bambanta." Daga ranar ba wanda ya sake tambayar sunansa na littafi.

Kafin mako biyu benci ya kasa. Mutane a ƙasa, mutane a taga. Har wani Bafulatani, Jauro Buba, da ke kawo shanu wajen lodi, yakan tsaya a taga ya jingina da sandarsa. Ya taɓa tambayata da Fulatanci ko akwai shanu a jirgin, na ce babu, ya ce to waɗannan mutane abin tausayi ne. Amma bai daina zuwa ba, wai yana so ya ga ko kyaftin ɗin jirgin, wanda yaro ne, zai yi hankali.

Ba baƙon abu ba ne a wurina. A Indiya na ga mai ba da labari a bakin tasha yana nuna zane a ƙyalle, mutane suna kuka saboda wani jarumi da ba a taɓa haifa ba. A Sudan na ga an tashi za a doku a wurin shan gahawa saboda an tsaya da labari jarumi yana kurkuku. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a yi haka a kan mutumin da ke cikin jirgin da babu shi, a wata duniya da babu ita.

Sai muka zo babin da ya jawo mini magana. Ruwan jirgin ya ƙare, suka sauka a wata duniya ta ƙanƙara don su ɗebo. Guguwa ta taso, kowa ya dawo ban da kuku. Kyaftin ya duba agogo ya ce in ba su tashi cikin sa'a uku ba, hanyar da za su bi ta rufe, sai doguwar hanya, wadda abincinsu ba lalle ya kai ba. Ya ba da umarni a tashi. Baba Tsaki ya shiga ɗakin inji, ya kulle ƙofa ta ciki, ya ce ba zai kunna ba sai an nemo kuku. Kukun nan da yake zagi kullum.

A nan kyaftin ya faɗi wata kalma ta Turanci, wadda ake faɗa idan sojoji ko ma'aikatan jirgin ruwa suka juya wa shugabansu baya. Na san ta sarai, a soja an karanta mana hukuncinta. Na ɗan tsaya da yatsana a kan layin. In ce tawaye? Mai tawaye so yake ya ƙwace mulki, tsohon nan kuwa ba ya son kujerar kowa. In ce bore? Bore na taro ne, da ihu da jifa, shi kuwa shi kaɗai ne. Mutum ne ɗan gida, an ɓata masa, ya janye jikinsa ya zauna, yana jira a zo a same shi a yi magana. Hausa tana da kalmar wannan. Na ce, "Sai kyaftin ya ce, ashe Baba Tsaki yaji ya yi!"

Ɗaki ya fashe da dariya, don kowa ya ga tsohon da ƙullin kayansa a ka ya nufi gidan iyayensa. Da kyaftin ya sauko ya tsaya a bakin ƙofar inji yana lallashi, Yakubu ya miƙe ya ce, "Jama'a, kyaftin ya zo biko!" Aka sake kwashewa. Amma da dariyar ta lafa, gardama ta tashi, ta gaske.

Heluma Gambo ya ce, "Kyaftin yana da gaskiya. Mutum arba'in a kan kuku ɗaya? Ni ina da mutane a ƙarƙashina, na san wannan abu."

Yakubu ya ce, "Heluma, in kai ne a cikin ƙanƙara fa?"

"In ni ne, ku tafi."

"Ƙarya ne, Heluma! Kai da ruwa kaɗan ya taɓa ka kana kiran Yesu da Maryamu!"

Da ƙyar na kore su na rufe ɗaki.

Washegari Mai Lofe ya biyo ta loko, ya ga mutane sun fara taruwa tun kafin ƙarfe huɗu. Ya tsayar da Heluma Gambo ya tambaye shi me ake karantawa haka. Heluma, da zuciya ɗaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, labari ne na ma'aikaci na jirgi, ya yi yaji, ya ƙi kunna inji, sai da babba ya zo ya roƙe shi. Yana da daɗi sosai." Mai Lofe yaji biyu ya sani, na miya da na aiki. A shekarun nan kuwa babu abin da manyan ofis suke tsoro kamar yajin aiki. Kafin in fara karatun ranar masinja ya kawo mini takardar tuhuma, wadda muke kira kweri. Ƙa'idarta ita ce ka amsa a rubuce cikin kwana biyu, in amsar ba ta gamsar ba a kira ka zama, kana kuma da ikon zuwa da mutum biyu. Tuhumar ita ce ina amfani da ɗakin karatu ina zuga ma'aikata, ina sa wa littafi abin da babu a ciki.

Na amsa a layi uku. Ba ta gamsar ba. Aka sa zama ranar Laraba da hantsi.

Matata Hajara ta ce, "Malam, a kan kalma ɗaya za ka sa a fitar da mu daga gidan nan? Ka ba shi haƙuri mana, me zai ragu a jikinka?" Tana da gaskiyarta. Gidan ma'aikata muke ciki, da famfo a ƙofa, 'ya'yanmu suna makaranta a garin. Na ce mata in haƙuri ne zan bayar sau goma. Ban san abin da za a nema ya wuce haƙuri ba.

Na tafi da Yakubu da Heluma Gambo. Heluma tun a hanya yake cewa, "Malam, wallahi ban san zai zama magana ba." Na ce na sani.

Mai Lofe yana zaune, littafin yana gabansa, don tun ranar kweri ya aiko aka karɓa. Ya turo mini takarda da aka buga da tafireta. Abu uku ke ciki: na amsa cewa na ƙara abin da babu a littafi, na nemi gafara, daga yau kuma ba zan karanta komai ba sai ƙasidun da ofis ya amince. Ya ce, "Malam Habu, ka sa hannu, magana ta ƙare, ka koma aikinka. Idan ba ka sa ba, ba zan iya barinka a ɗakin karatu ba."

Na karanta sau biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, na biyun zan iya. Na farkon ƙarya ne."

"Ka ce yaji ko ba ka ce ba?"

"Na ce."

"Akwai yajin aiki a cikin wannan littafi?"

"Babu. Ni ma ban ce yajin aiki ba. Yaji na ce."

Ya cire lofen daga bakinsa. "Mene ne bambanci?"

Na yi masa bayani. Na ce tun kafin a kawo jirgi ƙasar nan akwai yaji. Mace ce miji ya ɓata mata, ta tafi gidansu, ba don aure ya mutu ba, sai don a biyo ta a ji kukanta. Na ce a Indiya in ma'aikata sun ƙi aiki hartal suke cewa, kalmar rufe kantuna ce. A Mombasa mgomo suke cewa, ƙi ne kawai. Bahaushe ne ya shiga cikin gida ya ɗauko kalmar, don a wurinsa wanda ya yi yaji na gida ne, dawowa zai yi. Na ce ya buɗe shafin da na lanƙwasa ya ga abin da kyaftin ya faɗa da bakinsa.

Ya buɗe, ya karanta. Na ga kunnensa ya yi ja. A nan na gane na fid da kaina na jefa littafin. Ya ɗago ya ce, "To ai abin da ke nan ya fi yajin aiki muni! A soja harbe mutum ake yi a kan wannan."

Na ce, "Haka ne. Ka ga ke nan ban ƙara ba."

"Ragewa ka yi."

"Ban rage ba, ranka ya daɗe. Kyaftin yana cikin fushi ya faɗi kalmar da ta fi laifin girma. Ni na faɗi abin da tsohon ya aikata."

Ya ajiye littafin ya koma Turanci, don kada su Yakubu su ji. Ya ce shi bai ga ma amfanin wannan shirme ba. A ƙasarsu yara ne ke karanta irin wannan. Mutanen da ba su taɓa shiga jirgin sama ba, me suka sani game da taurari? Ba gara a koya musu abin da zai amfane su ba?

Ni aikina tafinta ne. Na juya na fassara wa su Yakubu duk abin da ya ce, kalma da kalma, ban rage ba. Mai Lofe ya ce, "Ban ce ka fassara ba." Na ce, "Shaiduna ne, ranka ya daɗe, ƙa'ida ta ce su ji abin da ake faɗa a zama."

Yakubu ya gyara tsayuwa, hularsa a hannu. Ya ce, "Maigida, gaskiya ne, ni ban san tauraro ba. Ko Malam yana karanta wurin tauraro, barci nake ji. Amma na san ɗaki na inji. Na san zafi nasa. Shekara tara ina tsaye bayan direba ɗaya, bai taɓa ce mini sannu ba, kullum zagi. Tun da aka fara labarin nan ina kallonsa ina tambaya a zuciya, wannan tsoho, in na faɗi a hanya zai tsaya ko zai wuce? Shi ne nake zuwa in ji. Ba wanda ya ce mini in ajiye shebur."

Heluma Gambo ya ce, "Ni ma, ranka ya daɗe, bayan kyaftin nake. Ka tambayi kowa. In zuga ne, to ni bai kama ni ba."

Mai Lofe ya juya yana kallon taga. Ina jin ya gane babu zuga. Amma ya riga ya rubuta wa na sama da shi, kuma janye rubutu ya fi masa wuya da kora ta. Ya sake turo takardar da ɗan yatsa. Ya ce, "Malam Habu, kai tsohon soja ne. Ka san umarni."

Na ce, "Na sani. Ka umarce ni in rufe ɗaki, zan rufe. Ka umarce ni in tafi wata tasha, zan tafi. Amma mutanen nan ba su iya Turanci ba, bakina suka yarda da shi. Idan na sa hannu cewa na yi musu ƙarya a littafi, gobe in na karanta musu ƙasidar haɗari na ce kada su shiga ƙarƙashin tarago, don me za su yarda? Ba zan sa ba."

Na mayar masa da takardar, na ajiye alƙalamin a kanta.

Kafin la'asar hukunci ya fito. An mayar da ni Zonkwa, rumfar kaya, in riƙa auna buhunan citta da gyaɗa. In miƙa makulli ranar Asabar. Layi na ƙarshe ya ce an hana karanta wannan littafi a ɗakin karatu. Littafin kuma ya zauna a aljihun teburin Mai Lofe, ban sake ganinsa ba.

Saura babi bakwai, ni kuma saura mini Alhamis da Juma'a. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu ɗaki ya cika, kowa ya ji labari. Na zauna a kujerata, na ɗora hannuwana biyu a kan tebur, na ce, "Mun tsaya kyaftin yana bakin ƙofa." Na ci gaba da ka. Bayanin inji duk ya zube mini, lissafin taurari ko ɗaya ban tuna ba. Amma abin da kowane mutum ya ce da abin da ya yi, babu wanda ya ɓace.

Ranar Juma'a ina tsakiya sai ga Mai Lofe a bakin ƙofa. Mutane suka fara miƙewa, na ce su zauna. Ya ce, "Malam Habu, na hana."

Na ɗaga hannuwana na nuna masa. Na ce, "Karantawa aka hana, ranka ya daɗe. Ga takardar a aljihuna. Hira muke yi."

Jauro Buba daga taga ya ce da Fulatanci, "Ka ce wa Baturen ko ya shigo ko ya matsa, ya tare mana iska." Wannan kam ban fassara ba.

Bai shigo ba, bai kuma hana ba. Ya ɗan tsaya, sa'an nan ya juya ya tafi. Ba zan ce muku labarin ya kama shi ba, ban sani ba. Ni dai na ƙarasa. An samo kuku da rai a cikin wani kogo, yatsunsa uku sun mutu. Hanya ta rufe, suka bi doguwar, suka sha yunwa har wata mata a cikinsu ta rasu. Da suka isa aka yi wa Baba Tsaki shari'a aka tuɓe masa muƙami. Ranar da kuku ya sake shiga kicin da hannunsa a naɗe, ya kawo wa tsohon miya, tsohon ya ɗanɗana, ya yi tsaki, ya ce har yanzu gishiri ya yi yawa.

Ba wanda ya tafa. Heluma Gambo ya ce, "Kun gani? Mace ya mutu. Na ce kyaftin yana da gaskiya." Yakubu ya ce, "Kuku fa? Ba mutum ba ne?" Na bar su suna yi, na rufe tagogi. Ranar Asabar na miƙa makulli. Hajara ta ɗaure kaya, sai da muka yi wata guda a Zonkwa tana ɗebo ruwa daga rafi kafin ta sake yi mini dariya.

Shekara uku na yi ina auna citta. Duk ranar da jirgin su Yakubu ya tsaya a tasharmu, sai ya leƙo daga kan inji, fuska baƙi ƙirin da kwal, ya ƙwala mini kira. Ran nan ya ce, "Malam! Baba Tsaki ya samu sabon jirgi!" Na ce a ina? Ya ce ai suna ci gaba da shi a gindin mangwaro bayan loko, kowa yana kawo nasa. Heluma ya sa an mayar da Baba Tsaki ƙaramin ma'aikaci a ƙarƙashin kuku, wani fita ya kai shi wata duniya da ba a magana sai da waƙa, tsohon ya ƙi yi, ya kwana uku da yunwa. Ya ce gardamarsu ɗaya ce kullum: wani ya kawo abu, sauran su ce a'a, Baba Tsaki ba zai yi haka ba. Ya kuma gaya mini ya shiga ajin manya, har ya fara haɗa baƙaƙen Turanci. Na ce madalla, don ƙarin girma? Ya ce, "A'a. Ina so wata rana in samu littafin nan in duba ko ka cuce mu a ƙarshe."

Abin da na koya ke nan, na kuma riƙe shi har na yi ritaya. Masu tsara wa mutane abin da za su karanta sukan ɗauka talaka cikinsa kawai ya sani da ciwonsa, sai a ba shi abin da zai gyara masa su. Ba haka ba ne. Mutumin da ya wuni yana zuba kwal yana da tambayoyin da ba ya iya yi wa direbansa, ba ya iya yi wa Bature, wani lokaci ko matarsa ba ya iya yi wa. Ka kai shi can bayan taurari, inda babu kabilarsa, babu addininsa, babu shugabansa, sai ya saki jiki ya yi tambayar a fili, ya yi gardama a kanta da wanda ba su taɓa zama benci ɗaya ba. Jirgin da taurarin su ne ke sa ya zauna. Mutumin da ke ciki shi ne ke sa ya dawo gobe.

Saboda haka in wani babba ya shigo laburarenku ya ga irin waɗannan littattafai ya ce shirme ne, a kwashe, ku gaishe shi da ladabi, ku ba shi kujera. Amma kada ku kwashe. In kuma ya kawo takarda ya ce ku sa hannu cewa abin da kuka ba mutane ƙarya ne, ku karanta ta sau biyu, ku mayar masa da alƙalaminsa.